Awo na Uku

Talata, ƙarfe uku na yamma
Sati 12 da kwana 2

Mata goma sha bakwai na duba yau, kuma kowacce sai ta kafe ni da ido kamar a goshina ake buga sakamako. Ga allo a gabanki, ga ɗanki yana ta wutsil-wutsil, amma a'a, fuskata za ki kalla. "Sista, lafiya dai ko?" Shekara ashirin da biyu ina ɗaukar hoton ciki a ɗakin nan, ban ga wadda ta taɓa zuwa da wata tambayar ba. Mtsw.

Da safe kuma sabon likitan nan ya tara mu wai zai tuna mana aikinmu. Ni na raɗa masa Dakta Wataƙila, don ba ya iya haɗa magana uku babu "wataƙila" a ciki. Ranar da na fara riƙe kan na'urar nan, shi ko wando bai iya ɗaurawa ba. Yau shi ne yake zana mana ƙeyar ɗan tayi a allo: ga fata, ga ɗan ruwan da ke kwance a ƙarƙashinta, a auna kaurinsa kafin ciki ya cika sati sha huɗu. In ya yi kauri, wataƙila ƙwayoyin halittar yaron sun zo da ƙari, wataƙila kuma lafiyarsa ƙalau. A auna sau uku, a rubuta mafi girma. Kai jama'a! Ni zai gaya wa a rubuta mafi girma? Rabin waɗanda ke zaune a wurin ni na koya musu.

Auta ta zo lokacin hutun rana, ta ƙofar baya, ba ta bi layi ba. 'Yata ce, ina ruwan wani. Cikinta na uku ke nan, yau satinsa sha biyu da kwana biyu, biyun farko ba su zauna ba. Tana kwanciya ta ce, "Mama, duk abin da kika gani ki faɗa mini. Na gaji da jin ba komai."

Na auna. Na rubuta milimita 2.3. Na ce mata ba komai, ta je ta huta.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe
Sati 12 da kwana 3

2.3 lamba ce mai kyau. Duk wanda ya san aiki zai faɗa.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma
Sati 12 da kwana 5

Mijin Auta ya biyo ta gida wai ya zo godiya. Malamin lissafi ne a sakandare, kuma ko gaisuwa ce sai ya nemi ya ji kashi nawa ce cikin ɗari. Ya durƙusa har ƙasa, ya tashi, ya zauna a bakin kujera yana murza hannu.

"Mama, wato yanzu an tabbatar ke nan?"

Na ce, "An tabbatar da me? Hoto ne, ba wahayi ba. Yara goma masu larurar ƙarin ƙwayar halittar nan, hoto kaɗai zai kama kamar bakwai, uku su wuce ta gaban idonka kana murmushi. Wasu kuma ya nuna su alhali ba abin da ke damunsu."

Sai ya ciro biro daga aljihu. Biro! Na ce masa ya mayar da abinsa, ya je ya saya wa matarsa 'ya'yan itace. Ya yi dariya yana cewa Mama ba ki da dama. Shi komai dariya. Ban san me Auta ta gani a jikinsa ba, sai dai ba zan yi masa ƙarya ba, lokacin ɓarin nan na biyu shi ya wanke zannuwan da hannunsa bai bari kowa ya gani ba.

Bayan ya tafi na tuna da matar nan mai shagon littattafai. Shekara tara ke nan. Na auna mata 3.7, na faɗa mata gaskiya tsirararta kamar yadda littafi ya ce. Wata shida tana kuka, ta rame ta zama kamar tsinke, ba ta sayi ko rigar jariri ɗaya ba. Ta haifi yarinya garau. Yanzu yarinyar ce ke zuwa ta ɗaya a ajinsu, uwar kuma har yau in ta hango ni sai ta tsallaka titi. Wa ya biya ta wata shidan nan? Masu littafin?

Ban san me ya kawo wannan maganar ba.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana
Sati 13 da kwana 1

Ashe Dakta Wataƙila ya ɗauko wani sabon iyayi: duk Litinin sai ya zauna ya bi hotunan satin da ya wuce ɗaya bayan ɗaya. Mutum ba shi da aikin yi. Ya aiko a kira ni, ya rufe ƙofa, har da ba ni kujera.

Na manta na'urar tana adana duk hoton da aka tsayar. Ban manta ba. Na dai ɗauka ba wanda zai duba.

Ya juyo mini da allon. Guda uku a jere. Na farko 3.8. Na biyu 3.9. Na uku, yaron ya sunkuyar da kai, haɓarsa ta taɓa ƙirji, ruwan ya matse, 2.3. Ko ɗalibar da ta zo jiya ta san ba a auna ƙeya kai a sunkuye. Minti goma sha ɗaya na yi ina jiran ya sunkuya, kuma agogon na'urar ya rubuta har wannan.

"Sista, 'yarki ce ko?"

"In 'yata ce fa?"

"Wanne ne gaskiya a cikin ukun?"

Na ce masa tun yana tsumma nake wannan aikin. Ya ce ya sani, shi ya sa bai ce kuskure ba ne. Wallahi da ya ɗaga murya da na ji daɗi, da na wanke shi tas. Amma sai ya yi ƙasa da murya kamar mai lallashin mara lafiya. Wai ko a wannan kaurin, yara biyar, wajen huɗu ƙwayoyinsu daidai suke. Wai wataƙila ba komai. Na ce to tunda wataƙila ba komai, me zai sa a tayar wa yarinya da hankali? Ya ce saboda ɗayan nan na biyar, kuma saboda cikin nata ne, ba nawa ba. Akwai gwajin da ke faɗar gaskiya, a ɗebi ruwan mahaifa da allura. Akwai zuciyar yaron da ya kamata a duba da kyau nan gaba. Ita za ta ce tana so ko ba ta so.

Sannan ya faɗi abin da na fi shi sani. Bayan sati sha huɗu ruwan ƙeyar yakan baje da kansa, ko yaron lafiya ko ba lafiya. Asabar ce rana ta ƙarshe da za a iya sake aunawa ta gani da idonta.

"Ke za ki gaya mata, ko ni?"

Na ce ni na haife ta. Na fito na bar masa ƙofar a buɗe.

Talata, ƙarfe shida na yamma
Sati 13 da kwana 2

Na ɗauki waya sau huɗu. Na goge firji.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana
Sati 13 da kwana 4

Wata tela ta zo yau, ƙaramar mace, da zare maƙale a gefen mayafinta. 4.1, 4.0, 4.2. Na rubuta 4.2 ban ko ƙifta ido ba. Na goge mata man da ke cikinta, na ce ta tashi zaune, na yi mata bayani cikin minti biyu: ga abin da na gani, ba hukunci ba ne, alama ce, da yawa ana haifarsu lafiya, ga takarda ki kai wa likita. To a ce ban iya aikina ba mana.

Ta riƙe takardar tana juya ta, ta ce, "Sista, in 'yarki ce me za ki ce ta yi?"

Na ce, "Ni awo ne aikina. Ta gaba ta shigo."

Tambayar banza. Mutane ba su san inda ya kamata su tsaya ba.

Mai yankar kati ta daina gaishe ni da "Sista an tashi lafiya", yanzu sai ta ce "Sannu, Sista" da wata irin murya, kai a karkace. Wato magana ta zaga. Ita da ba ta san bambancin mahaifa da mafitsara ba, ita ce za ta tausaya mini.

Asabar, ƙarfe biyar da rabi na yamma
Sati 13 da kwana 6

Na je gidan su Auta. Na shirya maganar tun a mota, kalma bayan kalma, irin yadda na gaya wa telar nan.

Na tarar da mijin a tsakar gida da katako da zarto, wai gadon jariri yake haɗawa da kansa. Malamin lissafi guda, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, gadon yana ta rangaji. Na ce masa haka yake koya wa 'ya'yan mutane awo? Ya ce, "Mama, sau ɗaya na auna na yanke, laifina ne." Na ce ai ka ji. Daga nan na wuce ciki.

Auta tana kwance a doguwar kujera, ta ɗora ƙafa a kan matashi. Ta yi kyau, abin haushi. Kumatunta sun dawo. Rabon da in ga haka tun kafin ɓarin na biyu. Ta ja ƙafarta ta ba ni wuri, na zauna ina matsa mata yatsu kamar tana 'yar shekara biyar. Muka yi hirar zafi, hirar maƙwabciyarta mai kunna rediyo tun asuba. Can ta dube ni.

"Mama, akwai magana ne?"

Na ce akwai. Na ce labulen falon nan nata ya koɗe, ta canza shi kafin mutane su fara zuwa barka.

Ta ce to.

Har bakin titi ta rako ni. Ba ta saba ba.

Lahadi, ƙarfe takwas na safe
Sati 14 cif

Sha huɗu. Daga yau ruwan zai fara bajewa, ko wa ya duba ba lallai ya ga komai ba. Abin da nake jira ke nan tun ranar Talatar, gara in rubuta tunda ba mai karantawa. Na ɗauka zan ji sanyi a raina. Shayin ma ya ƙi wucewa.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma
Sati 14 da kwana 1

Dakta Wataƙila ya kira Auta. Yaron nan ba shi da kunya ko ta sisin kwabo.

Talata, ƙarfe uku na yamma
Sati 14 da kwana 2

Ta ƙofar gaba ta shigo. Ta yanki kati, aka ba ta lamba sha biyu, ta zauna a benci tsakanin wata mai tagwaye da wata mai tari. Na leƙa na ce ta taso ta shigo. Ta ce, "Ba a zo kaina ba tukuna, Sista." A gaban mutane. Sista.

Awa biyu ta yi a wurin. Ta ga likita, ya nuna mata hotunan uku, sannan ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ba ta kwanta ba, ba ta zauna ba, ta jingina da bango kusa da wurin wanke hannu.

Na fara yi mata bayanin biyar da huɗu. Ta ce ta ji wannan, likita ya yi mata, kuma ya fi ni iya faɗa. Na kawo mata labarin mai shagon littattafai. Ta ce ita ba mai shagon littattafai ba ce.

"Mama, tun ranar na sani."

Na ce ƙarya take.

"Tun ina firamare nake zama a kujerar can ina jiran ki tashi daga aiki. Ba jaririn da ba kya zagi. Wannan malalaci ne, wancan ya ɗauko kan ubansa, wannan ya ƙi juyowa don taurin kai. Nawa ba ki zage shi ba. Kin yi shiru kina ta kallon allo, sannan kika ce ba komai."

Na juya ina goge kan na'urar. Ta ci gaba.

"Na ce bari in ba ki lokaci, abin ya yi miki nauyi ne. Kullum in waya ta yi ƙara sai in ce ga Mama nan. Ranar Asabar da kika zo na ce yau ce. Sai kika ce labule."

Na ce don ita na yi. Na ce ban so ta yi wata shida tana kuka a kan wataƙila.

"Kwana goma sha uku na yi ina kuka a kan ban sani ba, a banɗaki, don kada mijina ya ji. Yaron nan ko yaya ya zo nawa ne, ba inda zan kai shi. Ba wannan ce maganar ba. Abu ɗaya na roƙe ki."

Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta ce za ta yi gwajin allurar, kuma ba ta so ni in riƙe na'urar.

Akwai sauran mata biyar a layi. Na duba su duka, ban zagi ɗan kowa ba.

Alhamis, ƙarfe goma sha biyu na rana
Sati 14 da kwana 4

An ɗauke ni daga ɗakin masu ciki "na ɗan lokaci". An mayar da ni ɗakin ƙarshe, mai fankar da ke kuka, ina duba ƙodar tsofaffi da tsakuwar matsarmama. Wani dattijo yau ya tambaye ni ko mace ce ko namiji, yana ƙyaƙyata dariya shi kaɗai. Shekara ashirin da biyu.

Dakta Wataƙila yana bin tsofaffin hotunana na wata shida. Ya bi. Ba zai samu ko ɗaya ba, sai wannan.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana
Sati 15 da kwana 4

Yau aka yi gwajin allurar. Wadda ta riƙe na'urar yarinyar da na koya wa aiki bara ce, mai hannu kamar na mai dama kunun yara. Mijin ya shiga. Ni aka bar ni a waje.

Na zauna a bencin. Ban taɓa zama a kansa ba. Ashe akwai ƙusa a gefen hagu da ke kama zane, kuma daga nan ba abin da kake gani sai ƙofa da ƙasan labule da ƙafafun masu wucewa. Minti ashirin da biyar. Da ƙofar ta buɗe, yarinyar nan ta fito tana cire safar hannu, sai na ji bakina ya ce, "Lafiya dai ko?"

Ta ce, "An gama lafiya, Sista." Da irin muryar da ni na koya mata, wadda ba ta faɗar komai. Na bi fuskarta da kallo har ta sha kwana.

An ce likitan shiga ɗaya ya samu da allurar. To, Allah ya ba shi lada. Ban ce ya iya magana ba.

Sakamako sai nan da kwana goma sha biyu.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma
Sati 16 cif

Na kira Auta. Ta ce tana lafiya, ba jini, ba ciwo, ta gode. Minti ɗaya da daƙiƙa shida.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe
Sati 16 da kwana 3

Huɗu cikin biyar. Huɗu cikin biyar. Ina ta faɗa kamar mijinta. Sai yanzu na ga lambar ba ta da amfanin komai in ɗa ɗaya gare ka a ciki, ba biyar ba.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana
Sati 17 da kwana 2

Sakamakon ya iso. Na ga mai kawo saƙon ɗakin gwaji ya shiga ofishin likita, bayan awa ɗaya na hango motar su Auta a waje. Ta ƙofar gaba suka shiga, ta ƙofar gaba suka fita, ni ina ɗakin ƙarshe da ƙodar wani direba.

Na gwada buɗe fayil ɗinta a kwamfuta, an rufe mini. Na ajiye girman kaina na je na same shi. Na ce, "Likita." Karo na farko ke nan da na kira shi haka ba da gatse ba. Ya miƙe tsaye, ya ce, "Sista, ki yi haƙuri, sakamakon na mai shi ne." Na ce ko da ido ya nuna mini. Ya sunkuyar da kai yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Yau ce ranar da ya ga damar barin "wataƙila".

Laraba, ƙarfe shida na yamma
Sati 17 da kwana 3

Ta zo gida ɗazu. Mijin ya gaishe ni daga bakin ƙofa ya koma mota, bai tambayi kashi nawa ba, bai yi dariya ba. Amma shi dama in yana jin yunwa haka yake.

Cikin ya fito. Ta zauna a kujerar babanta, ta ajiye jaka a ƙasa, bakin jakar a buɗe, ga farar ambulan nan an yage gefenta. Taku biyu tsakanina da ita.

Na dube ta yadda na iya duba. Idanunta sun kumbura, amma mai ciki ce, kuma ta ce ta yi barcin rana. Ta cinye abin da na zuba mata har ta nemi ƙari. Ta ce sun canza labulen, ta ce ya gyara ƙafar gadon, ta yi dariya sau ɗaya, gajeriya. Hannunta bai bar kan cikin ba tun da ta zauna, ban sani ba ko shafa shi take ko kare shi. Ni da nake raba milimita gida goma a cikin duhun mahaifa, na zauna cikin haske gaban fuskar da na haifa ban karanta komai ba.

Da ta miƙe ta ɗauki jakar, na riƙe mata hannu.

"Auta. Lafiya dai ko?"

Ta dube ni, ba fushi, ba murmushi. Ta gyara mini ɗankwalina da ya zame.

"Ba komai, Mama. Ki je ki huta."

Na tsaya a ƙofa har motar ta fita daga layin. Kwana goma sha uku na riƙe mata. Ban san nawa za ta riƙe mini ba.